Hanyar Iskar Tankin Mai a Tsofaffin Motoci: Yadda Ake Gano Toshewa da Gyara Ta

Fijo 504 ta taso daga Sabon Garin Zariya lafiya ƙalau, ta wuce Kwangila, ta ɗauki hanyar Kano. Bayan tafiyar minti ashirin sai ta fara shaƙewa, ana taka totur tana noƙewa, can ta mutu a gefen titi. An buɗe bonet, an taɓa nan an taɓa can, ba a ga komai ba. Bayan minti goma aka murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba, ta ƙara 'yan kilomitoci ta sake mutuwa. Washegari an canza filogi, jibi an canza kwayil, gata an wanke kafireta an sa sabon famfon mai, cutar kuma tana nan daram. Mota mai wannan hali, kafin a kashe mata ko sisi, a koma bayanta a duba yadda tankinta yake shan iska.

Kowa ya ga yadda mai shayi yake huda gwangwanin madarar ruwa wuri biyu. Ta huda ɗaya madara ke fita, ta ɗayar iska ke shiga. Ka ɗora yatsa a kan ta biyun, madarar ta tsaya. Tankin mota haka yake: duk litar da famfo ya zuƙa, dole litar iska ta shiga ta maye gurbinta. Idan hanyar ta toshe, famfo zai yi ta ja har ƙarfinsa ya kasa, kofin kafireta ya bushe, inji ya mutu. A tsayuwar nan ta minti goma iska tana silalewa ciki kaɗan-kaɗan ta wata 'yar kafa, shi ya sa motar take sake tashi.

Aikin hanyar iska bai tsaya a shigarwa ba. Fetur yana kumbura da zafi, kusan kashi 0.1 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya. Tankin 504 salun yana cin lita 56. Idan an cika shi da man da ya fito daga tankin ƙarƙashin ƙasa na gidan mai, aka ajiye motar a ranar Afrilu har man ya ƙara digiri 15, zai ƙaru da kusan lita 0.8, fiye da kwalbar lemo biyu, ban da tururin da ke tashi a samansa. Wannan duka sai ya sami mafita. Akwai kuma aiki na uku: lokacin shan mai, iskar da ke cikin tanki dole ta fita da sauri daidai da yadda mai yake shiga. Kowanne daga cikin ukun yana da alamarsa idan ya lalace, kuma ba koyaushe bututu ɗaya ke yin su ba.

Fara sanin irin tsarin motarka

Tsofaffin motocin da ke yawo a Zariya, irin su Fijo 404 da 504 da 505 waɗanda kamfanin Fijo na Najeriya, PAN, ya harhaɗa da yawansu a Kaduna tun daga 1975, da Bitil, da Marsandi 200 da 230, da Datsun, da Landiroba, ba su wuce ɗaya daga cikin tsari uku.

Na farko, murfin tankin ne da kansa yake numfashi. Idan ka juya shi za ka ga 'yar huda kamar ta allura a farantin ciki, ko ɗan bawul mai sifirin a tsakiya. Na biyu, murfin a rufe yake ruf da zoben roba, iska kuma tana bi ta siririn bututu da ya fito daga saman tanki ko wuyansa, ya hau sama, ya lanƙwaso ya sauka ƙarƙashin mota bakinsa a buɗe. Na uku, bututun ba ya buɗewa a waje, yana tafiya har gaba ya shiga wani gwangwani mai cike da gawayi, wanda ke riƙe tururin har inji ya tashi ya zuƙe shi ya ƙone. Dokar Amurka ce ta tilasta wannan tun motocin 1971, saboda haka an fi ganinsa a motocin da aka yi wa kasuwar can. Waɗanda aka yi wa Turai da Afirka a wancan zamani yawanci ba su da shi.

Sanin wannan shi ne rabin aikin, domin sau da yawa toshewar hannu ne yake jawo ta. Murfin asali ya ɓace a gidan mai, ko mai mota ya ji tsoron masu zuƙe mai da dare tun da fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023, ya sayo murfi mai makulli a kasuwa. Ya shiga daidai, ya kulle daidai, amma ba shi da hudar iska, motar kuma ta tsari na farko ce. Wani kuma warin fetur ne ya dame shi, makanike ya ga wani tiyo yana lilo a ƙasa, ya cusa masa ƙusa ko noti ya ɗaure. Idan motar ta fara mutuwa ne bayan an canza murfi, ko bayan fenti, ko bayan an sauke tanki an wanke, to ga inda za ka fara.

Kafin ka taɓa komai

Tururin fetur ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama, ƙasa yake bi ya taru a ramin gareji da cikin but. Tankin da saura kaɗan ya ƙare ya fi cikakke haɗari, domin tururi da iska ne suka cika shi. A yi aikin a fili, nesa da mai walda da janareta da murhun mai shayi. A cire wayar batir ta ƙasa, wato mai alamar ragi. A haska da tocila mai batir, ba ashana ko laita ba, ba kuma ƙwan lantarki mai zafi ba. A ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda kusa, ko aƙalla bokitin yashi. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.

Kayan aikin kaɗan ne: sukundireba, filaya, sifana 8 da 10 da 13, famfon keke, babban sirinji na mililita 50, tsohuwar wayar birkin keke ko ta cok, mita biyu na tiyon mai, da kilif sababbi.

Gwajin bakin hanya

Da zarar motar ta mutu, kada ka jira, domin minti biyar ma yana iya ɓatar da shaidar. Sauka ka je wajen murfin tanki, ka kusantar da kunne, ka murɗa shi a hankali. Idan ka ji "fuuu", ko murfin ya yi tauri kamar ana riƙe da shi daga ciki, ko ka ji tankin ya yi "ɓam" a ƙasa kamar an saki gwangwani, an kusa kama ɓarawon.

Saura ka san iskar shiga take ko fita, domin kunne ba ya bambancewa. Riƙe ɗan yankin leda mara nauyi a gefen murfin yayin da kake buɗewa. Idan ledar ta manne wa bakin tanki, zuƙa ce. Idan ta tashi, ka kuma ji ɗumi da warin fetur ya bugi fuskarka, matsi ne ya taru. A motar gwangwanin gawayi, ɗan huci kaɗan na fita da rana ba laifi ba ne. A mota mai buɗaɗɗen bututu kuwa, bai kamata a ji komai ba.

Daga nan sai tabbatarwa. Bari mai ya sauka ƙasa da rabin tanki don kada ya yi ta fantsama, sassauta murfin ba tare da ka cire shi ba, ka sake bin hanyar da ta saba mutuwa a kai, da irin gudun da ta saba mutuwa. A yi wannan a buɗaɗɗen titi kamar hanyar Funtuwa ta wajen Shika, ba cikin cunkoson Tudun Wada ba, domin a silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, ba ya jan man da zai nuna matsalar da wuri. Idan ta ninka nisan da ta saba yi ba ta yi ko tari ba, magana ta ƙare. Ka lura kuma da wannan: toshewar iska ta fi saurin kashe mota idan tanki a cike yake, saboda iskar da ke sama kaɗan ce, nan da nan take ƙarewa. Motar da ke mutuwa jim kaɗan bayan barin gidan mai, mutane su ce an sha gurɓataccen mai, sau da yawa wannan ce cutarta.

Idan an buɗe murfi shiru, kuma sassauta shi bai canza komai ba, a bar tanki. Kwayil ko kwandansa da ke mutuwa in sun yi zafi suna yin irin wannan, kuma ana gane su da rashin wuta a filogi a daidai lokacin da motar ta tsaya. Tsatsar cikin tanki tana taruwa a bakin bututun zuƙa ta toshe shi, in an kashe inji ta zube. Man da ya tafasa a bututun da ya bi kusa da salansa shi ma yana yanke mai, amma shi ya fi faruwa a cunkoso ko bayan ɗan tsayawa da zafin rana, ba a gudu ba.

Murfi

Cire shi ka tafi da shi nesa da mota. Wanke shi da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, ka bar shi ya bushe. Nemi hudar: ƙurar hunturu da tururin mai suna haɗuwa su zama baƙin danƙo da ke rufe ta, haka ma fenti idan an fesa motar da murfin a jiki. Buɗe ta da siririyar waya, kada ka faɗaɗa ta. Idan mai bawul ne, ɗora bakin sirinji da guntun tiyo a kan ramin tsakiya, ka ja, ka tura. Ya kamata iska ta wuce da ɗan turjiya ta ɓangaren ja. Idan sirinjin ya ƙi motsi ko ya koma da kansa, bawul ɗin ya manne. Duba zoben robar ma. Idan ya tsattsage, mai zai riƙa tsiyaya ta nan a kwana, kuma ruwan damina zai shiga.

Wajen sayen sabo, tafi da tsohon a hannu. Wasu murafan suna da rubutu a jiki, Vented ga mai numfashi, Non-vented ga rufaffe. Mota mai tsari na farko tana son mai numfashi. Ta biyu da ta uku suna son rufaffe, domin idan aka sa musu mai huda sai wari ya cika gefen mota, mai kuma ya riƙa ɓata fenti. Huda murfi da diril dabara ce ta wanda dare ya yi masa a hanya. Idan ta zama dole, huda ɗaya ta milimita ɗaya a farantin ciki ta isa, kuma a canza murfin da an isa gari, domin in mota ta kife ta nan mai zai zubo. Tsumma da leda a bakin tanki kuwa ba murfi ba ne: zaren tsumman yana ƙarewa a filta, shi kansa kuma lagwani ne da ke jiran wuta.

Bututun iska

Nan ne aikin yake buƙatar haƙuri. Bi bututun da hannu da ido daga tanki har ƙarshensa, kada ka yi zato. A Bitil tankin a gaba yake, ƙarƙashin murfin but, siraran tiyon suna kewayen wuyansa, kuma in sun tsage warin kai tsaye yake shiga wajen direba. A Marsandi salun mai lamba W123 tankin a tsaye yake bayan kujerar baya, bututun kuma yana sauka ƙarƙashin mota. A sauran, cire kwalin gefen but ko ka leƙa ta cikin madigadin da wuyan tanki ya bi.

Fara da bakin waje. A nan ƙasar zanzaro yana cikin masu toshe shi. Motar da ta yi wata biyu a ajiye a gindin mangwaro ko cikin rumfa, zanzaro yana samun ramin milimita shida a inuwa, ya cika shi da jar laka, ta bushe ta yi tauri kamar bulo. Daga waje ba abin da za ka gani sai ɗan jan toshi daidai da bakin bututun, kamar an shafe shi da yatsa. Bayan zanzaro sai taɓon damina da taya ke watsawa, sai baƙin kwalta da ake fesa wa ƙarƙashin mota don tsatsa.

Cire tiyon daga jikin tanki tukuna, sannan ka hura da famfon keke daga ɓangaren tanki zuwa waje, don dattin ya fita waje, kada ya faɗa cikin mai. Idan iska ta ƙi wucewa, zura wayar birkin keke kana murzawa har ta fito ta ɗaya bakin, ka bi da sirinji ɗaya na fetur, ka sake hurawa. Bututun ƙarfen da ya yi tsatsa a ciki zai sake toshewa cikin 'yan makonni, gara a canza shi. Sai ka koma kan ɗan hancin da ke jikin tankin, wato guntun bututun da ka cire tiyon daga kansa. Cire murfin tanki, haɗa guntun tiyo a hancin, ka hura da famfon keke, wani ya saurara a bakin tanki. Idan bai ji iska ba, hancin ne ya toshe, yawanci da tsatsa ko busasshen mai, ko da maganin liƙe tanki idan an taɓa zuba shi a ciki. Waya mai laushi za ta buɗe shi, a hankali, ba a bugawa.

Kada a kuskura a sa kwamfaresar mai faci a tanki rufe. Farantin da ya kai santimita 60 a tsawo da 40 a faɗi, matsin bar 0.1 kawai (bar ma'aunin matsi ne) yana danna shi da nauyin kusan kilo 240, wajen buhun masara biyu da rabi. Kwamfaresa kuwa tana ba da bar shida zuwa takwas. Ɗinkin tankin ne zai yage.

Tiyon roba da ya haura shekara goma a canza shi ko da ya yi kyau a ido, domin cikinsa yana kumbura ya rufe, ko ya yi laushi ya manne idan an zuƙa. Nemi tiyon mai na gaske, wanda aka rubuta SAE J30 R7 ko R9 a jikinsa, mai faɗin cikin da ya dace da hancin, yawanci milimita 6 ko 8. Farin tiyon ruwa da na janareta masu arha suna ƙanƙancewa su bushe cikin rani ɗaya.

Yadda aka shimfiɗa shi ya fi ingancinsa muhimmanci. Daga tanki ya hau sama ba tare da ya yi ciki ba, har ya wuce tsayin bakin tanki, sannan ya lanƙwaso ya sauka. Duk inda ya lotsa a tsakiya, mai zai kwanta a wurin ya tare iska kamar ruwa a gwiwar bututun wanke hannu, sai matsi ya taru ya tofar da man waje. Ɗaure shi kowane santimita 25 zuwa 30, kada a matse har ya shaƙe, kada kuma lanƙwasar ta yi tsini. Bakin ƙarshe ya fita wajen jikin mota, ba cikin but ba, yana kallon ƙasa, nesa da salansa da birki, kuma a inda taya ba ta watso masa taɓo. Ƙaramar filtar man babur a bakin tana hana zanzaro da ƙura, da sharaɗin a canza ta duk shekara, don in takardarta ta jiƙe ita ma toshi ce. Idan za a ƙara bawul, a nemi mai barin iska ta shiga ta kuma fita, wanda ke rufewa kawai idan mota ta kife. Bawul mai hanya ɗaya yana magance zuƙa, ya haifar da matsi.

Idan matsi ne ya yi yawa

Famfon mai na inji yana tura fetur da matsin da bai wuce bar 0.2 zuwa 0.3 ba, allurar fulot ɗin kafireta kuma, wadda ke tsayar da mai idan kofin ya cika, daidai wannan aka yi ta. Tankin da ya kumbura a rana yana ƙara nasa a kai, ya ture allurar, mai ya yi ta ɗiga cikin inji motar tana ajiye. Alamunsa: an fito daga masallaci ko ofis da azahar mota ta ƙi tashi sai an danne totur, ta tashi da baƙin hayaƙi, filogi a jiƙe, ga jiƙar mai a gindin kafireta. Zaro sandar gwada baƙin mai ka sansana. Idan yana warin fetur, ko ya haura alamar cika, ko ya tsinke kamar ruwa, a juye shi a ranar, domin baƙin mai da ya sha fetur yana cinye metal da ringi. Robar cikin famfon, wadda ake kira dayafaram, in ta fashe ita ma tana zuba fetur a baƙin mai, sai a duba duka biyun. Gyaran matsi shi ne dai buɗe hanyar iskar nan, tare da daina cika tanki har wuya. Idan bakin famfon gidan mai ya katse da kansa, a tsaya nan. Girgiza mota don ta ƙara lita ɗaya yana cinye sararin da aka bar wa kumburi.

Motar da ke tofar da mai lokacin sha, ko famfo ya riƙa katsewa tun tanki bai kai rabi ba, matsalarta a wani tiyon dabam take, mai kauri, milimita 12 zuwa 16, wanda ya taso daga saman tanki ya haɗu da wuya kusa da baki. Yana lanƙwashewa idan an mayar da tanki da gaggawa, ko kaya a but su danne shi. Miƙar da shi ko canza shi ya wadatar.

Gwangwanin gawayi kuwa, idan an saba cika tanki har wuya, mai yana gangarawa cikinsa, gawayin ya jiƙe ya dunƙule, iska ta daina wucewa. Cire shi ka ji nauyinsa, ka hura ta hancin da ke zuwa tanki. Idan ya toshe kuma ba a sami wani ba, kada a toshe tiyonsa da noti. A mayar da motar tsari na biyu, da bututu mai hawa da sauka kamar yadda aka bayyana, sannan a rufe hancin da ke zuwa inji don kada ya sha iskar banza silo ya lalace.

Tankin da ya riga ya lotsa

Leƙa ƙasan tankin. Idan ya shige ciki ba tare da alamar dutse ya buge shi ba, zuƙa ce ta yi. An fi ganin wannan a motar da aka sa wa famfon lantarki, ko aka ɗora mata injin Beljiyam mai injekta, domin waɗannan famfunan ba sa gajiya kamar na inji, suna ci gaba da ja har ƙarfe ya ba da kai. Sakamakonsa, tankin lita 56 ya koma cin 45, gejin mai ya riƙa ƙarya saboda hannun fulot ɗin geji da ke cikin tanki yana tokarar ƙasa, bakin bututun zuƙa kuma ya manne da farantin da ya taso. Duk wanda ya yi irin wannan canji ya faɗaɗa hanyar iska zuwa milimita 8, musamman idan akwai bututun da ke dawo da mai, tunda man da ya zagaya ta inji da ɗumi yake komowa, tururinsa ya fi yawa.

Lotsawa kaɗan ana iya barin ta idan ba ta tsiyaya kuma geji yana aiki. Mai yawa kuwa, neman wani tankin ya fi. Tankin da aka juye, aka ɗauraye da ruwa sau ɗaya aka kai wa mai walda yana nan da tururi a cikin ɗinkinsa da tsatsarsa, kuma yana fashewa da an kusanto da wuta.

Bayan kowane gyara, a mayar da wayar batir, a sha mai har famfo ya katse, a rufe murfi sosai, a yi tafiyar aƙalla minti talatin a gudu. A tsaya a buɗe murfin da ledar nan a hannu: kada ta manne, kada ta tashi. Sai a ajiye motar a rana awa biyu, a sake gwadawa, a leƙa ƙasa ko akwai ɗigo a bakin bututun. Bakin nan a riƙa zura masa waya sau biyu a shekara, ƙarshen hunturu wajen Maris kafin zafi ya kankama, da ƙarshen damina a Oktoba, da kuma duk lokacin da motar ta yi sama da wata guda ba a tayar da ita ba.